Maganar da Kake Yi wa Kanka Bayan Ka Wanke Hannu

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, ka ɗan ba ni aron hankalinka, domin maganar da zan yi maka ba ta gaggawa ba ce, kuma irin wadda idan aka faɗe ta a tsaitsaye takan yi kama da faɗa, alhali ni ba faɗa nake nufi ba. Na lura ƙiba ta zama abin da ke hana matasanmu da yawa sukuni a unguwar nan ta Tudun Wada a Kano, har da magidanta ƴan shekara talatin da ɗoriya waɗanda likita ya auna ya ce jininsu ya hau, ko sukari ya fara taɓa su, ya ce lallai su rage jiki. Duk wanda ka tambaya a cikinsu ya san abin da ya kamata: a rage lemon kwalba, a rage maiƙo, a riƙa taka ƙasa. Saboda haka ba rashin sani ne ke kayar da su ba. Abin da na ga yana kayar da su shi ne maganar da suke yi wa kansu a zuci, wadda ba mai ji sai su da Mahaliccinsu, musamman a daren da suka ci abin da suka ɗauki alkawarin bari.

Ina tausaya muku, domin kun faɗo a zamani mai baki biyu. Mu da muka taso, tumbi alamar hutu ne, idan mutum ya fara ajiye shi sai a ce ai Alhaji ya samu duniya, amarya kuma idan ba ta yi ɓulɓul ba sai dangi su fara tambayar ko ba a kula da ita. Wannan kallon bai mutu ba, yana nan a ɗakin iyayenku, shi ya sa idan ka tsame hannu da wuri sai Hajiya ta dube ka ta ce ko ba ka da lafiya ne, ko wani ya ɓata maka. Ka fito majalisa kuma abokai su daki teɓarka suna tambayar wata nawa ne. A kasuwa ɗaya ake sayar da ƙwayar ƙara ƙiba da shayin rage ta. Wanda ya kwana tsakanin waɗannan bakuna biyu, ba mamaki ya wayi gari yana zagin kansa.

Bari in nuna maka yadda abin yake faruwa, ka gani ko ka san mai irin wannan labari. Saurayi ya yi niyya, ya kwana shida yana kiyayewa, ya daina lemo, ya rage tuwon dare, har ya fara jin sakayau idan ya sunkuya ɗaure takalmi. Ranar Asabar aka ɗaura auren abokinsa, aka kawo shinkafa da soyayyen kaji, ga alkaki da dubulan, ga lemo mai sanyi ana miƙowa, ya ci domin ba a ƙin abincin ango. Har nan babu abin da ya lalace. To amma yana wanke hannu sai zuciyarsa ta ce masa, shi ke nan, ka ɓata, dama kai ba ka taɓa iya riƙe komai ba. Bayan sallar isha sai ga shi a bencin mai shayi, ya ce a soya masa indomi biyu da ƙwai uku, a yanko burodi, a haɗa shayi mai kauri a cika madara, ba don yana jin yunwa ba, sai don tunda an riga an ɓata, a ƙarasa. Lahadi ya ce sai Litinin. Litinin ta zo ta wuce, sai ya ce bayan Sallah. Abincin biki na yini ɗaya bai isa ya rushe aikin kwana shida ba, ɗana, maganar da ta biyo bayansa ce ta rushe shi. Ka taɓa ganin yarinya mai tallan dafaffen ƙwai, ɗaya ya faɗi ya fashe, ta ce tunda haka ne bari ta kife farantin duka? Takan tsince shi ta gyara gammo ta ci gaba da tafiya.

Wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba, ɗan Adam ne haka. A shekarar 1975 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Herman da Deborah Mack, sun tara ɗalibai mata suka ba wasunsu abin sha mai kauri na madara da zaƙi, sannan suka ajiye musu askirim a kan su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu a kan abinci, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, domin ciki ya riga ya ɗauka. Masu ƙoƙarin rage ƙiba kuwa, da suka ga sun karya dokar da suka kafa wa kansu, sai suka ci fiye da takwarorinsu da ba a ba madarar ba. A 2007 kuma Claire Adams da Mark Leary suka yi wani gwaji mai kama da shi: aka ba ƴanmata soyayyen abin fulawa mai zaƙi suka ci, sannan aka ce wa wasunsu kada su tsananta wa kansu, kowa yakan ci irin wannan wani lokaci, daga baya aka ajiye alewa a gabansu. Cikin masu takura wa kansu, waɗanda aka yi wa magana mai taushi su ne suka ci alewa kaɗan. Ka ga ke nan, abin da muke zato, wai idan mutum bai zagi kansa ba zai sangarce, ba haka yake ba. Zagin ne yake tura shi wurin mai shayi.

Akwai kuma abin da damuwa take yi a cikin jiki, wanda ba ruwansa da ƙarfin hali ko rauninsa. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da ke fitar da sinadarin da likitoci ke kira kotisol, aikinsa shi ne ya shirya jiki ga haɗari, ya ƙara sukari a jini domin mutum ya samu ƙarfin gudu ko kare kansa. Idan haɗarin ya wuce sai ya sauka. To amma kuɗin haya ba ya wucewa, kuɗin makarantar yara ba ya wucewa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin adaidaita sahu da kwanon shinkafa suka koma, saboda haka jikin mutum yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana dare da rana, sinadarin ya daɗe a sama, ya buɗe masa ciki, ya sa shi kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ya kuma taimaka wa kitse ya taru a tumbi. In kana son ganin aikinsa da idonka, dubi masu shan ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda a cikin irinta akwai dexamethasone, ɗan'uwan kotisol ne da aka haɗa a masana'anta: fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, sukari da jini su hau. Ƙara da rashin barci. A Jami'ar Shikago a 2004 an rage wa samari 12 barci zuwa awa 4 dare biyu kacal, sai sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin 100, mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28. Saboda haka wanda ya kai ƙarfe biyu na dare yana latsa waya cikin zafi, ba wuta, yana lissafin bashi, idan gari ya waye ya ji kamar ya cinye tukunya, ba lalaci ba ne. Jikinsa ne yake amsa abin da aka ɗora masa, kuma idan ya ƙara da zagin kai ya ƙara wa jikin wani nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi.

To mene ne abin yi? Ba cewa nake ka yaudari kanka ba, ka tsaya gaban madubi kana cewa komai lafiya lau alhali wando ya ƙi ɗauruwa. Wannan ma ƙarya ce, kuma zuciya ba ta karɓar ƙarya ko da mai daɗi ce. Abin da nake roƙonka shi ne ka daina gaskata duk abin da ya ɗarsu a ranka tun kafin ka bincika. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, ya lura tun a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu cikin ƙiftawar ido, kuma yawancinsu sun karkace: abu ɗaya ya faru sai a ce kullum haka ne, abu bai cika ba sai a ce bai yiwu ba sam, a yanke hukunci a kan abin da ke zuciyar wani ba tare da ya furta ba. Sai ya koya wa marasa lafiyarsa su kama tunanin, su rubuta shi, su tambayi hujjarsa, kuma wannan hanya tana cikin waɗanda aka fi gwadawa aka ga amfaninsu a asibitocin duniya yau. Amma kada ka ɗauka baƙon ilimi ne a wurinmu. Shekara dubu kafin Beck, Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya fito daga yankin Balkh a ƙasar Afganistan ta yau, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus a kan yadda lafiyar jiki da ta rai suke ɗamfare da juna, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi lafiyayyun tunani tun yana cikin natsuwa, domin ya same su a kusa ranar da fushi ko tsoro ko baƙin ciki ya taso masa. Ni wannan shawara ta fi kwanta mini, domin a lokacin da rai ya ɓaci ba a iya ƙirƙiro magana mai kyau, sai wadda aka riga aka ajiye.

Mu ɗauki maganar saurayin nan, wai bai taɓa iya riƙe komai ba. Gaskiya ne? Wannan fa mutum ne da kowace shekara yake azumin kwana 29 ko 30, har a shekarun da watan ya faɗo cikin zafin bazarar Kano, lokacin da kwalta ke tiriri, tun daga asuba har faɗuwar rana ko kurɓin ruwa bai kai bakinsa ba, kuma ba wanda yake gadinsa. Yaya za a ce wannan ba ya iya riƙe kansa? Maganar gaskiya da ya kamata ya faɗa bayan ya wanke hannu ita ce: yau na ci fiye da yadda na yi niyya, kwana shida na kiyaye, abinci na gaba zan koma kan hanyata. Babu fure a cikinta, babu yabon kai, amma kowace kalma gaskiya ce, kuma mai faɗinta gida yake wucewa ya kwanta. In ka rasa abin da za ka faɗa, ka tambayi kanka me za ka ce wa ƙanenka da kuke ciki ɗaya idan shi ne ya zo maka da wannan kuka. Na tabbata ba za ka ce masa banza ba, ba za ka ce masa ya haƙura haka zai mutu ba. An umarce mu da kyautata zato ga ƴan'uwa, kuma ban ga inda aka cire mutum shi kansa daga cikinsu ba.

Wata maganar da nake yawan ji ita ce, gado ne, duk gidanmu haka muke, haka Allah Ya yi ni. A nan akwai gaskiya, domin ƙiba tana bin jini, kuma wani zai ci abin da kake ci bai nuna ba, wannan ba laifinka ba ne, ba kuma gwanintarsa ba ce. Sai dai ba jini kaɗai ake gada ba, ana gadon girman malmala da yawan man da ake zuba wa miya, kuma waɗannan suna hannunka. Sannan ka san ba a ce sai ka koma siririn da kake kana ɗan sakandare ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, a kan mutum 3,234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, ya nemi wani rukuni daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, sai aka ga kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba maganin metformin ta ragu da kashi 31 ne. Mai kilo 100, kilo 7 ake magana. Tumbin ma ba lallai ya ɓace ba, amma jijiyoyi da ƙoda da idanu sun samu sauƙi. Minti 150 ɗin nan kuwa rabin awa ne sau biyar a mako, tafiya ce da ɗan sauri bayan sallar asuba, ka bi ta titin Bompai kafin motoci su yi yawa, ko ranar Asabar ka gangara Filin Sukuwa inda za ka tarar da irinka da yawa, manya da yara, ba wanda ya damu da yadda rigarka ta zauna maka. Dogaro ga Allah daban, yanke ƙauna daban, ɗana, kuma sau da yawa na biyun ne yake zuwa mana sanye da rigar na farko.

Mai cewa ko ruwa ya sha ƙiba yake sa shi, ina roƙonsa cikin ladabi ya ƙirga abin da yake kira ruwa. Kwalbar lemo ta santilita 50 mai cikakken zaƙi tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kimanin cokalin shayi 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda, ta ma ce rabin haka ya fi. Zoɓo da kunun aya na talla su ma ba a yi musu rowar sukari. Wannan labari ne mai daɗi in ka duba, domin ya nuna akwai inda za a kama. Kuma abincinmu ba abokin gaba ba ne: wake, kwaɗon zogale da rama, miyar kuka da kuɓewa, tuwon dawa gwargwado, yalo da gurji da karas da ake jibgewa a kasuwar Yankaba, duk suna nan. Koyarwar nan da muka sani tun muna makarantar allo, ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ta ishi mai son farawa.

Sikeli kuma kada ka mai da shi abin dubawa safe da yamma. Nauyin mutum yakan motsa da kilo ɗaya ko fiye tsakanin yau da gobe saboda gishiri da ruwa kawai, wanda ya ci balangu da yaji da dare zai ga ya hau da safe ba tare da ya ƙara kitse ba, saboda haka sau ɗaya a mako ya isa. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau. Ko ka samu igiya ka auna tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta cikinka daidai tsakanin haƙarƙari da ƙugu. In ta haɗu, madalla, in ba ta haɗu ba ka ajiye ta ka sake gwadawa bayan wata biyu.

Ke kuma ƴar'uwata, ban manta da ke ba, naki ma ya fi nauyi, domin ke ba ki da majalisar da za ki je ki yi dariya a manta. Kin haihu biyu ko uku, jiki ya buɗe, maigida ya yi wata magana cikin wasa wadda shi ya manta tun kafin ya kai bakin ƙofa, ke kuwa kin kwana da ita, har zuciya ta gama lissafi ta ce miki aure zai ƙaro. Wataƙila haka ne, wataƙila ba haka ba ne, amma ke dai ba ki ji daga bakinsa ba, kuma kina azabtar da kanki a kan abin da bai tabbata ba. Jikin nan da kike hararar sa shi ne ya ɗauki rai wata tara ya shayar da shi, bai cancanci horo da yunwa ba, balle kina goyo. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya, da yawansa filasko ne da abubuwan sa fitsari, ruwa yake fitarwa ba kitse ba, ya bar ki da murɗawar ciki da jiri. Ki lura kuma da ragowar abincin yara da kike ƙarasawa a tsaye don gudun almubazzaranci; ki zuba musu kaɗan tun farko, in sun nema a ƙara. In fita ba ta samuwa, tsakar gida ma fili ne, ki samu maƙwabciya ko ƙanwa ku riƙa yi tare. Mazaje kuwa, ku ji tsoron Allah a kan harsunanku, ban taɓa ganin macen da gori ya rage wa ƙiba ba, sai dai ya rage mata walwala.

Damuwar da ke da dalili na gaske, gyaran tunani ba zai share ta ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba haka ba. Ba zai sauke farashin buhun masara ba. Abin da zai yi maka shi ne ya raba maka kaya biyu, wanda kake da abin yi a kansa da wanda ba ka da shi. Ka samu wani lokaci da rana, ko bayan la'asar, ka zauna da takarda ka rubuta abin da ke cin ranka, kowane ka sa masa mataki ɗaya a gefe: wane zan kira, nawa zan iya biya a wannan wata, wa zan nemi shawararsa. Wanda ba shi da mataki ka miƙa shi ga Mai shi a cikin sujada. Idan ya dawo maka da tsakar dare ka ce masa an rubuta, sai gobe, ka kife wayar, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, domin wannan yana saukar da bugun zuciya. Kada kuma ka haɗiye komai kai kaɗai don a ce namiji ne. Aboki ɗaya mai riƙon amana ya fi bencin mai shayi magani.

Sai dai akwai inda nasihar kawu take tsayawa. Idan ka ga mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a jagule, abin da kake so a da ya fita daga ranka, barci ya ƙi ko ya yi yawa, ko ka fara jin gara ma babu kai a duniya, to wannan ciwo ne mai magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, ka gaya wa wani naka yau, ku je asibiti. Ga Asibitin Muhammad Abdullahi Wase nan kusa da mu a Nassarawa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, inda akwai sashen likitocin da wannan ne aikinsu. Haka nan in kana shan maganin sukari ko kana allurar insulin, kada ka yanke abinci ko ka shiga azumin rage ƙiba sai ka zauna da likitanka, domin sukari yana iya faɗuwa ƙasa ya yi ɓarna cikin ɗan lokaci. In kuwa rabonka da auna jini an daɗe, ka tsaya a kemis mai ma'auni a makon nan, ka zauna ka huta minti biyar kafin a ɗaura maka, a rubuta maka lambobin a takarda. In sun kai 140 bisa 90 ka sake aunawa wata ranar, in sun nanata ka kai wa likita takardar. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da iyayenka lafiya.